Ultra Ball 43 na jefa wa Rayquaza bai kamu ba, in yi amfani da Master Ball ne ko in haƙura?

ɗan_Hoenn

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin Pokémon ku taimaka min da shawara. Gem ɗin Pokémon Emerald nake bugawa a waya, na karɓi baji na takwas, na hau Sky Pillar da Mach Bike bayan na faɗo ta ƙasan nan mai tsagewa ya fi sau goma, na iske Rayquaza a sama lebul 70. Na je da Ultra Ball 43, duk kuɗin da na tara na zuba a kansu don kowacce 1200 ce, na rage masa jini har ya koma ja, na fara jifa, wata ta girgiza sau ɗaya ya fito wata ko girgiza ba ta yi, sau biyu ma ta girgiza har sau uku na ɗauka shikenan sai ya ɓalle, kuma da na rage jinin sai ya yi Rest ya cike abinsa mu koma farko. A ƙarshe ƙwallayen suka ƙare na kashe gem ɗin na dawo inda na yi sebin. Wallahi abin ya dame ni sosai, kwana uku kenan ina kansa.

Tambayata biyu ce. Ina da Master Ball, ƙwallon nan da ba ta taɓa kasa kamu, wadda na ɗauko a maɓoyar Team Aqua, in jefa masa kawai a wuce wurin ko akwai wanda ya fi cancanta a gaba? Ta biyu, ina ganin wasu ƙwallaye a kanti, Net Ball da Dive Ball a Mossdeep, Nest Ball a Verdanturf, ban taɓa saya ba don a tunanina Ultra ta fi kowacce tunda ta fi su tsada. Mene ne amfanin kowacce? Na gode.

Tsohon_Hannu

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka taɓa Master Ball ɗin nan tukuna, bari in yi maka bayani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Matsalar tana cikin lissafin da gem ɗin yake yi a ɓoye ne. Kowane Pokémon yana da lambarsa ta sauƙin kamawa, daga 3 zuwa 255. Irin su Magikarp da Zigzagoon 255 ne shi ya sa ko ba ka dake su sosai ba suna kamuwa. Rayquaza a Emerald 3 ne. Ƙwallon da ka jefa ninka wannan lambar take yi, Poké Ball ninki ɗaya, Great Ball ɗaya da rabi, Ultra Ball biyu. To ka ga 3 sau 2 shida ne cikin 255, kuma wannan shidar ma sai jininsa ya kusa ƙarewa kake samunta, idan jininsa a cike yake kashi ɗaya cikin uku nata kawai ake lissafa maka. Ka ce ka mayar da jinin ja amma ban ji ka ce ka sa shi barci ba, nan ne babban giɓin. Barci ko daskarewa suna ninka lissafin sau biyu, shanyewar jiki da guba da ƙuna sau ɗaya da rabi. Ba tare da barci ba kowace jifa taka wajen kashi 2 cikin 100 ce, da barci ta kai wajen kashi 4. Ultra 43 su tafi a banza a irin wannan lissafin ba wani abin mamaki ba ne ko kaɗan.

Ƙwallon da kake buƙata sunanta Timer Ball, kuma ta fi Ultra araha, 1000 ce. Ka je Route 116 wajen bakin Rusturf Tunnel za ka ga ma'aikacin Devon a tsaye, ka yi masa magana zai ba ka Repeat Ball, daga nan kantin Rustboro zai fara sayar da Timer da Repeat. Ita Timer ƙarfinta yana ƙaruwa ne da daɗewar faɗan, a farko daidai take da Poké Ball, a zagaye na goma ta kamo Ultra, a na 30 ta kai ninki huɗu ta tsaya a nan. Wato bayan zagaye 30 kowace Timer ɗaya kamar Ultra biyu ce, da barci da jan jini kana wajen kashi 9 cikin 100 a kowace jifa. Abin da nake yi, in tafi da Ultra kamar goma sha biyar in riƙa jifa a farkon faɗan lokaci yana tafiya, da na ƙirga an wuce zagaye 15 zuwa 20 sai in koma Timer.

Sannan ka kula da wanda kake sakawa a gabansa. Dabarun faɗa huɗu gare shi, Fly, Rest, ExtremeSpeed da Outrage, duka ukun da yake duka da su nau'in ƙarfe yana jure musu, in kana da Aggron ko da Lairon ne mai ɗan lebul ka sa shi gaba da Hyper Potion a jaka, zai daɗe yana tsaye. Kar ka sa masa guba ko ƙuna don za su ƙarasa shi. Ka kula da Outrage kuma, bayan ya gama yinsa yana ruɗewa ya daki kansa, in jinin ya yi ƙasa sosai zai iya kashe kansa kana kallo, ya faru da ni, ga Timer a hannu na zaɓa kenan zan jefa a zagaye na gaba. Na barci kuwa mafi kyau Spore ne don ba ya kuskure, amma Shroomish sai lebul 54 yake koya kuma sai ba ka bari ya zama Breloom ba, aiki ne. Sleep Powder na Oddish ko Gloom ya wadatar duk da yana kuskurewa wani lokaci.

Sauran da ka tambaya. Net Ball ninki uku ce a kan duk nau'in ruwa ko ƙwari, don haka idan ka je wa Kyogre, wanda nau'in ruwa ne, bayan ka ci Elite Four, manyan gwanaye huɗu na ƙarshen gem ɗin, ita za ka cika jaka da ita, ta fi Ultra ƙarfi ta fi ta araha. Dive Ball uku da rabi amma a Emerald sai kana ƙarƙashin teku, ita ce ta Relicanth, kuma za ka buƙaci Relicanth da Wailord kafin ka buɗe ƙofofin Pokémon ukun nan da ake kira Regi. Nest Ball ta ƙananan lebul ce, a kan abu mai lebul 10 ninki uku ce, daga 30 zuwa sama ba ta da wani amfani. Repeat ninki uku ga wanda ka taɓa kama irinsa. Luxury ba ta ƙara kamawa, shaƙuwa take saurin kawowa. Premier kyauta ce in ka sayi Poké Ball goma a lokaci ɗaya, ƙarfinta ɗaya da Poké Ball, farar ce kawai mai kyau, kuma ko 50 ka saya a tashi ɗaya guda ɗaya za a ba ka don haka ka riƙa saya goma goma.

Master Ball kuwa ka ajiye wa Latios ko Latias. Bayan ka ci Elite Four za a nuna labari a talabijin ɗin gida, mamarka ta tambaye ka launin da aka faɗa, ja Latias shuɗi Latios, daga nan sai ya fara yawo a duk Hoenn, haɗuwa da shi ma sa'a ce kuma da kun haɗu zagaye ɗaya ya gudu. Rayquaza yana zaune yana jiranka ko shekara za ka yi, wancan kuwa jifa ɗaya gare ka.

MaiTreecko

Yallabai Tsohon_Hannu lissafinka daidai ne ban ja ba, amma ni a maganar Master Ball ban yarda da kai ba gaskiya. Ka duba inda yaron nan yake, bai ci Elite Four ba. Rayquaza lebul 70 ne, mafi girman abin da Wallace, zakaran da ake karawa da shi bayan su, yake da shi Milotic ne lebul 58, idan ya kama shi yanzu shi kaɗai zai iya share masa hanya har ƙarshe. Latios kuwa lebul 40 yake zuwa bayan an gama labarin, lokacin da babu sauran wani babban faɗa sai Battle Frontier da Steven. To me ya sa zai ɓata sati yana fama alhali ga abin da zai gama masa aikin a daƙiƙa biyar.

Kuma Latios yana da magani ai. Ƙwan nan da tsohuwa take bayarwa a Lavaridge Wynaut ne, ya zama Wobbuffet yana da Shadow Tag, babu gudu. Ko Crobat da Mean Look, ita ma tana hana gudu, in ya fi shi sauri. Sannan duk jinin da ka rage masa ba ya dawowa, in kun sake haɗuwa a haka za ka same shi. Ni a haka na kama nawa da Ultra Ball, ya ɗauke ni lokaci amma ya kamu.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa suna ajiye Master Ball har su gama gem ɗin su goge ba su jefa ta ba, suna jiran wani wanda ya fi. Ƙanina na gida haka ya yi a FireRed, ya karɓa a hannun shugaban Silph a Saffron, ya ƙi jefa wa Zapdos, ya ƙi jefa wa Articuno, yana jiran Mewtwo, wayar ta lalace kafin ya kai Cerulean Cave, har yau in aka yi maganar yana jin zafin abin. Akwai wata hanyar samun ta biyu ta cacar lambar ID da ake yi a babban kantin Lilycove amma sai duka lambobi biyar sun dace, kar ma ka sa rai.

Abu ɗaya kuma ɗan uwa, kar wani ya ce maka ka danne B da ƙasa lokacin da ƙwallon take girgiza wai yana taimakawa. Tun muna yara muke jin wannan, babu shi a cikin gem ɗin, kafin ka ga girgizar farko an riga an gama lissafin.

Tsohon_Hannu

MaiTreecko maganarka tana da hujja, musamman ta masu ajiyewa har abada. Inda na tsaya kawai shi ne Rayquaza za ka iya yin sebin a gabansa ka sake sau ɗari ba ka yi asarar komai ba, ko ƙwallayen ma suna dawowa. Da mai yawo irin Latios ba ka da wannan. Amma in ya gaji ya jefa ba laifi ya yi ba.

yar_Johto

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba zan shiga maganar Master ba, amma tunda ɗan uwa ya tambayi ire-iren ƙwallaye ba zan iya yin shiru ba a bar na Kurt a baya, don a wurina su ne suka fi kowanne daɗi a duk jerin gem ɗin nan, kuma idan ka gama Emerald ina roƙonka ka nemi HeartGold ko SoulSilver.

A Gold da Silver na 1999 aka fara kawo su. Akwai wani dattijo a Azalea Town, Kurt, ba saya kake yi ba, 'ya'yan itacen Apricorn kake tsinkowa a bishiyoyin bakin hanya ka kai masa ya ce ka dawo gobe, kuma goben gaske ce ta agogon gem ɗin. Launi bakwai ƙwallo bakwai. Ja Level Ball, shuɗi Lure Ball ta abin da ka kamo da ƙugiya, rawaya Moon Ball, kore Friend Ball, ruwan hoda Love Ball, fari Fast Ball, baƙi Heavy Ball. Ina tuna yadda nake yi, da safe kafin in fita in kunna in zagaya bishiyoyin nan uku na Route 37 in tsinki ja da shuɗi da baƙi, in sauka Azalea in karɓi na jiya in ba shi na yau, ko faɗa ɗaya ban yi ba na kashe, amma ranar sai in ji na yi wani abu. Ƙwallon da ka jira kwana guda kafin ka samu ba ka jefa ta yadda kake jefa Ultra da ka saya talatin a tashi ɗaya, sai ka tsaya ka yi tunanin wa za ka ba.

Kuma kar a ɗauka ado ne kawai. Heavy Ball ba ninkawa take yi ba, ƙari take yi a kan lambar nan da Yaya Tsohon_Hannu ya yi bayani, gwargwadon nauyin abin. Lugia kilo 216 ne, lambarsa 3, Ultra ta mai da shi 6, Dusk Ball a cikin kogo ta kai shi wajen 10, amma Heavy a SoulSilver 20 take ƙarawa ya zama 23. Ku duba tazarar. Snorlax ɗin da yake kwance a Vermilion kilo 460 ne, 40 ake ƙara masa. Sai dai in ka jefa ta a kan ƙaramin abu ragewa take yi. Level Ball kuma in lebul ɗin naka ya ninka nasa sau huɗu ninki takwas ce, babu wata ta kanti da ta kai nan. Love Ball ma takwas ce amma sai naka da shi iri ɗaya ne, ɗaya namiji ɗaya mace. Fast Ball huɗu ga masu saurin da ya kai 100, Moon Ball huɗu ga masu canzawa da Moon Stone irin Clefairy da Jigglypuff.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, a asalin Gold da Silver da Crystal uku daga ciki an yi kuskure wajen rubuta su. Moon Ball ba ta ƙara komai a kan kowa, Love Ball tana aiki ne in duka maza ne ko duka mata, Fast Ball kuma Magnemite da Grimer da Tangela kawai take wa aiki. Sai a HeartGold da SoulSilver na 2009 aka gyara. Ina tausayin yaran da suka yi ta kai rawayan Apricorn a wancan lokacin suna jiran kwana guda.

Yanzu a sababbin gem samun su yana da wuya sosai shi ya sa masu musaya suke darajanta su, don tun daga X da Y ɗan da aka ƙyanƙyashe yana gadon ƙwallon uwarsa, ban da Master da Cherish su ba a gadonsu. Akwai masu zama su dace launin ƙwallo da launin Pokémon, ni ma ina ciki, Umbreon ɗina a Moon Ball yake kuma ba zan canza shi da komai ba.

Paldea_22

Ni na sababbin na fi sani, Sword da Scarlet, to bari in ƙara kaɗan don kar ɗan uwa ya ɗauki lambobin Emerald ya tafi da su ko'ina, suna canzawa daga gem zuwa gem. Timer Ball tun daga Black da White zagaye goma kawai take buƙata ta kai ninki huɗu ba 30 ba, barci ya koma biyu da rabi, Ultra ta sauko 800 tun Sun da Moon, Net da Repeat sun hau uku da rabi, Dusk kuma aka rage ta zuwa uku.

Wadda na fi amfani da ita Quick Ball ce, babu ita a Emerald sai daga Diamond da Pearl na 2006. Ninki biyar ce yanzu amma a zagayen farko kawai, kana haɗuwa da abu ka jefa kafin ka yi komai, in ya kamu shikenan in bai kamu ba ka fara faɗan yadda aka saba. Rabin Pokédex ɗina, wato kundin waɗanda na kama, da ita na cike, kuma ita ce maganin irin su Abra masu ɓacewa da Teleport. Jakata kullum Quick ce da Dusk da Timer, Quick a farko, Dusk in dare ne ko kogo, Timer in abin ya ja. Da wuya in taɓa Ultra. Beast Ball kuwa a kiyaye, ninki biyar ce a kan wani rukunin Pokémon da ake kira Ultra Beast amma a kan sauran kashi ɗaya cikin goma na Poké Ball ce, masu jefa ta don kyanta suke yi.

In ka samu dama ka gwada Legends Arceus na 2022, can da hannunka kake haɗa ƙwallon da Apricorn da wani dutse Tumblestone, ka laɓe a ciyawa ka saita ka jefa ba sai an yi faɗa ba. Feather da Wing da Jet suna tafiya nesa a miƙe don na sama, Heavy da Leaden da Gigaton ba sa nisa sai ka lallaɓo ta baya.

ɗan_Hoenn

Alhamdulillah 'yan uwa ya kamu! Na bi shawarar Yaya Tsohon_Hannu, na sayar da Nugget da wasu kayan da ba na amfani da su na sayi Timer 25 da Ultra 10, na tsaya na ɗaga Lairon ɗina ya zama Aggron, na ɗauko Gloom daga akwati. Karon farko ya kashe kansa bayan Outrage kamar yadda aka faɗa, na sake. Karo na biyu ina ƙirga zagaye a bayan wata takarda da biro, ya yi Rest sau huɗu, a zagaye na 34 yana barci jini ja na jefa Timer ta tara, ta girgiza ɗaya, biyu, uku, sai na ji ƙarar nan ta kulle, chajin wayata saura kashi 6 ga wuta babu tun rana, hannuna har rawa yake wajen yin sebin.

Malam MaiTreecko na gode, da karo na biyun ya faɗi da shawararka zan bi don na riga na yanke hakan. Yanzu Master tana nan, zan zaɓi shuɗi. Anti yar_Johto SoulSilver ce ta gaba in sha Allah, dan Allah a wace hanya ake samun rawayan Apricorn ɗin, ina son Moon Ball ɗin nan tun daga farko.